Wa Zai Ci Tuwo da Matan Beli?

Da zarar watan Fabrairu ya kama, wayoyinmu sukan cika da talla iri ɗaya. Manyan otal-otal na Kano da Kaduna da Abuja suna gayyatar ma'aurata cin abincin dare ranar 14 ga wata: tebur na mutum biyu, jan ƙyalle, fure, kyandir, kek, da kiɗa mai sanyi a gefe. Idan Sallah ta zo, ko daren sabuwar shekara, sai a sauya wa tallan riga a sake sako shi. Tallan nan kuwa ba ya tsayawa a Nasarawa ko Bompai, domin intanet ba ruwanta da inda kwalta ta ƙare. Yadda yake shiga wayar matar babban sakatare, haka yake shiga wayar amarya a Beli da Zarewa da Fulatan da Gwangwan.

Ba a jimawa kuma sai martani ya biyo baya. Hukumar Hisbah ta yi gargaɗi, limamai su yi huɗuba, maza a majalisa su yi ta tura wa juna saƙon murya cewa an kawo mana al'adar da ba tamu ba. Kwana biyu ana ƙura, ranar 15 kowa ya koma harkarsa.

Mu matan aure na Beli da sauran ƙasar Rogo da Karaye muna jin ɓangarorin nan biyu. Dukkansu a kanmu suke magana, amma babu wanda ya taɓa tambayar mu. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da otal yake sayarwa a daren nan ba shinkafa ba ce, don shinkafa a fadamarmu take fitowa. Yana sayar da sa'a biyu ne da miji zai zauna gaban matarsa, su ci daga abinci ɗaya, ya dube ta, ta yi magana ya saurara. Abin nan ya zama haja mai tsada ne saboda ya yi ƙaranci a gidajenmu. Duk wanda ya tsine wa tallan, ya kuma ƙi duba dalilin da ya sa yake shiga zuciyar matarsa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Bari mu fara da otal ɗin, kada a ce mun zo kare shi ne.

Ranar 14 ga Fabrairu ta samo sunanta daga wani waliyyin Kirista, Balantain, wanda aka ce an kashe shi a Roma a ƙarni na 3. Tun farko ranar tunawa da shi ce a coci, babu zancen saurayi da budurwa a cikinta. Mawaƙan Ingila na ƙarni na 14 ne suka fara haɗa ta da soyayya, daga baya masu buga kati da masu sayar da fure da cakulan suka karɓe ta. A 1969 Cocin Katolika da kanta ta cire ranar daga babbar kalandarta, amma kasuwa ba ta cire ba. A Japan mata ne ke ba maza cakulan a ranar, sai masu sana'ar alewa suka ga ai ana iya cin kasuwa sau biyu, suka ƙirƙiro wata rana a 1978, wato 14 ga Maris, wadda maza za su rama kyauta. Gana kuwa, da yake ƙasar koko ce, sai ta mai da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa don a sayi abin da manomanta suka noma. Ko'ina aka duba, mai kaya ne yake riƙe da ranar. Ba mu da dalilin ɗaura soyayyarmu a kalandar wani, balle kalandar ɗan kasuwa.

Sai maganar kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 Naira 70,000 ne, a Jihar Kano 71,000, kuma yawancin mazanmu ba ma 'yan albashi ba ne, manoma ne da 'yan kasuwar ƙauye da masu tafiya ci-rani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya tashi, a tsakiyar 2024 kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Malamin firamare a Beli ya zauna ya lissafa kuɗin motar mutum biyu zuwa Kano, ko Zariya da ta fi kusa, ya haɗa da kuɗin kwana tunda ba mai kamo hanyar Rogo da tsakar dare, ya ɗora kuɗin teburin, sannan ya ga abin da ya rage masa na sauran watan. Abin dariyar kuma, tumatir da albasa da attaruhun da za a yanka masa a faranti irin waɗanda maƙwabcinsa ya ɗora wa mota ne a farashin da bai biya kuɗin taki ba. Za a dawo masa da su da sunan Turanci, ya biya ninki-ba-ninki.

Kuma da yawa daga masu zuwa ba don juna suke zuwa ba, don hoto ne. Abinci yana hucewa ana neman inda haske ya fi kyau. Washegari hoton ya hau WhatsApp da TikTok, ya je ya tayar da rigima a gidan da ba a je ba. Ba ma musun cewa wasu daga cikin masu cika teburan nan ba ma'aurata ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi damun malamai. Duk wannan gaskiya ne.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bari mu faɗi yadda dare yake a gidajenmu, tunda masu huɗuba ba sa kaiwa nan.

Tun la'asar mace take gaban murhu. Ta kai niƙa ko ta daka, ta tankaɗe, ta talga, ta tuƙa, hayaƙin kara yana cin idonta. Da an idar da magariba sai ta kwashe, ta zaɓi malmalar da ta fi kyau da tsokar da ke cikin miya, in akwai, ta zuba a kwanon maigida. Yaro ya ɗauka ya kai ƙofar gida. A can maza suke zagaye tabarma, kowa da kwanon gidansa, ana ci ana hirar taki da siyasa da farashin masara. Bayan isha'i a zarce teburin mai shayi, a ƙara da Indomie da ƙwai, ko a wuce gidan kallon ƙwallo. Ita kuwa ta raba wa yara, ta ci nata a tsaye ko a tsugunne a bakin murhu, wani lokacin ƙanzo ne rabonta. Ƙarfe goma sha ɗaya maigida ya shigo, waya a hannu, ya tambaya ko an rufe awaki. Hirar ranar ke nan. Akwai matar da ta shekara ashirin tana dafa wa mutum abinci, ba ta taɓa ganin yadda fuskarsa take yi ba idan miyar ta yi daɗi. Kwano kawai take gani ya dawo, ta duba ko an cinye.

A watan Fabrairu ma abin ya fi tsanani, don lokacin rani ne. Wasu mazan suna fadama da bakin dam ɗin Challawa wajen noman rani daga asuba har dare, wasu sun tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas sai faɗuwar ruwa. A irin wannan daren ne tallan nan yake faɗowa cikin wayar matar da ke zaune ita kaɗai. Ta ga wata mace an ja mata kujera, an zuba mata abin sha, mijinta yana kallon ta. Kada wani ya ce kwaɗayin kaza ne ya kama ta. Kaza muna kiwon ta a tsakar gida.

Da an ta da wannan magana sai a ce al'ada ce, a ce kunya ce, a ce addini bai san wannan ba. To, mu ma mun je Islamiyya.

A cikin Sahihu Muslim akwai labarin wani maƙwabcin Manzon Allah (SAW), mutumin Farisa, gwanin miya. Ya dafa ya zo gayyatar Annabi. Annabi ya tambaye shi ko har da Nana A'isha, mutumin ya ce a'a, sai Annabi ya ƙi zuwa. Ya sake dawowa, aka sake yin haka. Sai a karo na uku da ya ce har da ita, sannan suka tashi tare suka tafi gidansa. Wannan gayyatar cin abinci ce a wajen gida, kuma miji ya ƙi amsa ta sai da matarsa. A cikin littafin nan dai Nana A'isha ta ba da labarin cewa takan sha ruwa ta miƙa masa, ya sa bakinsa daidai inda ta sa nata, takan ci nama a jikin ƙashi ta miƙa masa, ya yi haka nan. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa mutum yana samun lada a kan abin da ya ciyar don Allah, har lomar da ya sa a bakin matarsa. Ba a sa wa mace loma a baki daga ƙofar gida. Aya ta 21 a Suratur Rum ta ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai a matsayin abin da Allah ya sanya tsakanin ma'aurata. Ina natsuwar take zama idan mutum biyu ba sa zama?

Ba ma sai mun je nesa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi wa mazan ƙasar Hausa faɗa a kan barin matansu cikin jahilci, ya kwatanta yadda suke riƙon su da yadda ake riƙon kayan amfanin gida, a yi ta aiki da su har su lalace a jefar. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan. Shi a kan ilmi ya yi maganar, amma kwatancen bai tsufa ba. Mace da ake karɓar girkinta a ƙi zama da ita, da me ta bambanta da tukunyar da ta dafa shi?

Saboda haka idan liman ya hau mumbari a watan Fabrairu ya ce kada a kwaikwayi wasu, mun ji kuma mun bi. Muna jiran rabin huɗubar na biyu, inda zai ce wa sahun gaba su koma gida su kwaikwayi wanda aka ce a kwaikwaya. Wannan rabin ne ba ma ji.

Haka Hisbah. Tun da aka kafa ta da doka a 2003, babu hukumar da ta fi ta sanin cikin gidajen auren Kano, domin a ofisoshinta ake kai ƙarar miji da mata kullum. Ita ce ta shirya auren zawarawa na farko a 2012 da ma'aurata 100, ita ce kuma ta shirya na Oktoban 2023 da aka ɗaura wa ma'aurata 1,800, gwamnati ta biya sadaki, ta ba da gado da katifa da kayan abinci. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka. Amma hukumar ta san me ya sa zawarawan suka yi yawa tun farko. A watan Janairun 2009, da Hajiya Altine Abdullahi ta shirya fito da zawarawa kan titin Kano don a ga yawansu, hana su aka yi, saboda kada a ji kunya a idon duniya. An hana tattakin, sakin bai tsaya ba. Haka za a iya tsare ƙofar kowane otal ranar 14, a kama wanda za a kama, amma sauran darare 364 na shekara suna nan yadda suke. Aure ba ya mutuwa a dare ɗaya. A hankali yake mutuwa, a irin dararen da kwano ke fita cike ya dawo wayam, ba ko sannu da aiki.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don mun sha jin su.

Za a ce ciyayya zumunci ce. Gaskiya ne, kuma ba ma son ta mutu. A tabarmar ƙofar gida baƙo yake samun abinci, maƙwabcin da ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya ci ba tare da an gane ba, almajiri ya samu saura. Birni ya rasa wannan, kuma ya yi asara. Amma abinci sau nawa ake ci a rana? Idan na magariba na jama'a ne, ina kokon safe? Ina furar rana? Ina shayin bayan isha'i da ake kai wa mai shayi kuɗinsa, alhali ga murhu da wuta a gida? Ba mu ce a tashi majalisa ba. Mun ce a ware mana zama ɗaya cikin yini.

Za a ce gidan gandu ne, ga iyaye ga ƙanne, da kunya. Ba mu ce a riƙe mana hannu a kasuwar Beli ba. Kowace mace tana da ɗakinta da labulenta. Kunya ba ta hana maigida shiga ɗakin ya kwana ba, ba ta hana a haifi 'ya'ya takwas a ciki ba, sai cin tuwo ne kawai take hanawa?

Za a ce akwai abokiyar zama. Ai wannan ma iyayenmu sun warware shi tun da daɗewa da rabon girki. Wadda ke da girki ita ke da miji. Ya ci da ita a kwanakinta, ya ci da 'yar'uwarta a nata. Adalcin da wasu suke yi yanzu shi ne hana dukkansu daidai wa daida.

Za a ce abokai za su kira mutum mijin-ta-ce. Nan ne ainihin ciwon yake. Namiji zai iya shiga fadama da dare ya kori ɓarawon injin ban-ruwa, amma ba zai iya jure dariyar abokai huɗu a teburin mai shayi ba. Waɗannan abokan kuwa, ranar da ciwo ya kwantar da shi, za su leƙo sau biyu su ce Allah ya sawwaƙe. Wadda zai kira da tsakar dare ta ɗumama masa ruwa ita ce wadda ya ji kunyar a gan shi yana cin abinci da ita.

Muna da magana da 'yan'uwanmu mata ma, musamman amaren yanzu. Wadda ta ɗaure fuska ta hana gida zaman lafiya don ba a kai ta otal ba kamar wata da ta gani a TikTok, ta sayar da haƙƙinta da araha. Ta nemi abin dare ɗaya ta bar abin kullum, ta kuma ba maza hujjar cewa duk maganar nan kwaɗayi ce da son a sani. Hoton da kika gani ba ya nuna bashin da aka ci, ba ya nuna shirun da aka yi a mota wajen dawowa. Ki nemi abin da yake naki, wanda babu malamin da zai ce haramun ne. Iyayen miji kuma, ku da kuka sha irin wannan zaman shekara arba'in, kada ku zama masu gadinsa. Idan kuka ga ɗanku ya ɗauki kwano ya shiga ɗakin matarsa, ba asiri aka yi masa ba.

Wanda Allah ya hore wa, ya kuma ga yana son fita da matarsa, babu wanda ya isa ya hana shi, hadisin mutumin Farisa yana nan. Abin da muka ƙi shi ne a ce sai ranar kaza, a wuri kaza, da jan kaya, sannan ta zama soyayya. Ya ɗauke ta a babur wata Laraba da babu wanda ya sa mata suna, su je Karaye ya saya mata soyayyen kifin dam. Ya tsaya wajen mai tsire ranar kasuwa, ya kawo da zafinsa, ya jira yara su yi barci, su buɗe takardar tare maimakon ya miƙa mata ya juya. Iyayenmu sun san tsaraba, sun san toshi, sun san kayan shan ruwa da ake kai wa budurwa da azumi. Saurayin da ya yi shekara biyu yana zuwa zance, yana tsayuwa a zaure sauro na cizon sa don ya ji muryarta, shi ne dai mijin da yau ba ya iya zama minti ashirin. Ba baƙon abu muke roƙo ba, ci gaban abin da aka fara da shi ne.

Don haka ga abin da muke nema, a fili. Daga limaman Juma'a na Rogo da Karaye, duk shekarar da za a yi huɗubar ranar masoya a haɗa da hadisan nan uku, a fassara su da Hausar da kowa zai gane, a kuma faɗa wa maza cewa da su ake. Daga Hisbah, cikin nasihar da ake yi wa ango kafin ɗaurin aure da wadda ake yi wa mai neman sulhu, a riƙa tambayar sa yaushe rabon da ya ci abinci da matarsa. Daga masu unguwanni da dagatai da dattawan majalisa, idan ɗayanku ya tashi bayan loma biyar ya ce zai shiga ciki, a bar shi ya tafi ba da zolaya ba.

Daga gare ka kuma, maigida, zama ɗaya a yini. Tabarma muna da ita, fitila muna da ita, tuwon mu muka tuƙa. Ka kife wayar, ka wanke hannu, ka zauna. Idan miyar ta yi gishiri ka faɗa mana da bakinka, mun fi son haka da mu karanta a jikin kwano. Ranar da wannan ya zama ruwan dare a Beli, masu otal za su ci gaba da turo tallansu kamar yadda suka saba, mu kuma mu kalla mu wuce.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya.